Tsohuwar Kwalbar Auta

Shekara uku cur Auta bai faɗi ba. Ƙanena ne, kafinta mai rufin kwano, farfaɗiya ce ta raba shi da saman gini. Sai watan jiya likita ya yarje masa ya koma hawa, da sharaɗin kada a taɓa masa magani, ko kamfanin da ke yin sa kada a sauya.

Ni ke karɓo masa, don kantin maganin yana kan hanyar shagona na ɗinki. Ranar nan mai maganin ya turo min wani kwali daban ta ƙasan gilashi.

"Wancan ya yanke, Malama. Wannan ma shi ne, kamfani ne kawai ya bambanta." Ya haɗo da takarda. "Amma doka ta ce sai mai ciwon ya amince. Ki kai masa ya sa hannu."

Ga layi a bayana, ga ɗinkin mutane yana jirana. Na ce, "Kawo biro, ni da shi ai duk ɗaya ne." Bawan Allahn nan ya kau da kai, na rattaba.

Na san halin Auta, mita gare shi kamar tsohuwa. Yana ganin sabon kwali zai ajiye guduma ya ce sai ya ga likita, alhali aikinsa na farko ke nan tun da ya koma hawa. Sai na ɓare ƙwayoyin na juye a tsohuwar kwalbarsa. Su ma farare ne. Har ina yaba wa kaina dabara, kaicona!

Kwana tara bayan nan ciwon ya buge shi a kan rufin bene, ya faɗo.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ne, da wuya ya sake taka ƙasa. Ya tambaye ni ko an canza masa wani abu. Tsoro ya kama ni, na girgiza kai. Ko sabon maganin ne ko ba shi ba ne, har yau ban sani ba, kuma abin yana cin raina.

Da Auta ya farfaɗo, kwalbar ya fara nema a aljihun wandonsa. Ya miƙo min ita.

"Yaya, ki ƙirga ki gani. Wallahi ban tsallake ko ɗaya ba. Ki yafe min, duk wahalar da kika sha a kaina ta tafi a banza."

Na zazzage su a tafin hannuna na ƙirga a gabansa. Daidai suke.