Burtali a Gonar Mas'udu

Shekarar da aka ce za a fitar wa shanu burtali a ƙauyukan gefen Bungudu, wani Bature mai rangadi ya sauka a ƙofar hakimi, aka tara magidanta. Tafinta ya bayyana inda hanyar za ta bi: daga tsamiyar bakin gari, ta ratsa fadama, ta faɗa gulbi. Mas'udu na zaune a sahun gaba, kuma ya san fadamar da ake nufi. Gonar rakensa ce, wadda yake ci da iyalinsa da ita.

Bature ya sa aka tambaya ko akwai mai ƙorafi. Kowa ya sunkuyar da kai, har Mas'udu. Ba tsoro ba ne. Mutumin kirki ba ya ja da hakiminsa a gaban baƙo. Sai taro ya watse ya samu wani dattijo ya shigar masa da kuka ta zaure, a gyara a rufe. Haka ya ga mahaifinsa yana yi, kuma bai taɓa ganin an yi asara ba.

Washegari Mas'udu ya tura Malam Jibo, limamin unguwarsu, wurin hakimi. Liman ya dawo jiki a sanyaye.

"Hakimi ya ce abin ya fita hannunai. Bature ya tahi da magana Gusau, wai an tambaya kowa ya yarda."

Kulu, matar Mas'udu, ba ta iya ɓoye fushi ba. "Kai da baki kaz zamna shiru? To tashi ka bi shi."

Mas'udu ya kama hanyar Gusau a ƙafa. Ya yi sa'a, ko kuwa rashinta, domin ranar da aka shigar da shi gaban Bature, hakimi ma yana nan zaune a kan buzu, ya zo wata hidima.

Baturen bai yi faɗa ba. Ya saurari kukan Mas'udu har ƙarshe, sannan ya ce ta bakin tafinta, doka ba ta yarda a yanke wa mutum hukunci ba a ji shi ba. Idan hakimi ya san gonar ta Mas'udu ce amma bai faɗa ba, shi Mas'udu ya faɗi haka yanzu, a sake zama.

Hakimi ya sani sarai. Shi ya raɗa wa ɗan Mas'udu na fari suna, ya sha raken gonar nan ba sau ɗaya ba. Yanzu ga shi ya kafa ido a ƙasa, tsoho da furfura, yana jiran a kunyata shi a gaban baƙo. Tausayinsa ya kama Mas'udu, haushin kansa ma ya kama shi.

"Ranka shi daɗe," in ji Mas'udu, "ban da wata magana. A ɗauka na taho gaisuwa ne."

Tafinta ya juya maganar, aka sallame shi. Ya iso gida da la'asar, ya karɓi adda a hannun Kulu, ya nufi fadama ya fara sare raken tun bai nuna ba.