Tsohuwa da Tsohuwa

Fuatino ta sauka daga motar ƙauye a kasuwar Salelologa da kwamfuta naɗe cikin zane, kamar mai kai jinjiri asibiti. Ko masu gwaza ba ta tsaya gaisarwa ba. Ta nufi shagon Pesamino, ɗan ƙanenta mai gyaran waya da kwamfuta, ta dire masa kayan a kan tebur.

"Karanta min abin da tsinanniyar nan ke rubutawa kullum."

Ya kunna, ya duba, ya sosa ƙeya. "Gwaggo, cewa take ba za ta ɗauki sabuwar manhaja ba. Masu yin ta sun daina kula da tsohuwar. Sabuwar kuma tana neman wani ɗan ƙarfe a ciki, wannan ba ta da shi. Ƙwaƙwalwarta ma ta yi kaɗan."

"Taka ce ta yi kaɗan. A sa mata ƙarfen."

"Ba a sawa, da shi ake ƙera su. Ta tsufa ne kawai."

Da wannan kalmar ya cuce ta bara. Tana son ta riƙa ganin fuskar 'yarta Mareta, mai aikin jinya a birnin Brisbane, can ƙasar waje, sai ya nuna mata wannan kwamfutar ya ce, "Tsohuwa ce fa, Gwaggo." Ita kuwa daɗi ta ji, don a gidansu abin da ya tsufa shi ne mai daraja. Ta buɗe akwati ta ɗauko tabarmar kakarta, saƙar hannu mai laushin alharini, da adon jan gashin tsuntsu a baki. Ba a zama a kan irinta. Ranar aure ko mutuwa ake ɗaga ta gaban dangi, mai shela ya kira sunan gida. Don ranar mutuwarta take ajiye da ita, amma ta miƙa masa a madadin kuɗin kwamfutar. Tsohuwa da tsohuwa, a ganinta an yi daidai.

"To, ɗauki gawarka ka ba ni tabarmata."

"Haba Gwaggo, ai na gaya miki tsohuwa ce."

"Ka faɗa. Ka ga ina murna, ka ja bakinka ka tsuke. Ina take?"

Pesamino ya sunkuyar da kai. "Surukina ya rasu a tsibirin Upolu. Da ita na je."

Tabarmar da aka ɗaga a makoki ba ta dawowa. Tuni an raba, ta shiga akwatin wasu da ba su taɓa jin sunan kakarta ba.

"Akwai dabara," ya ce da sauri. "A tura mata sabuwar da ƙarfi. Sai dai ba tabbas, wata rana ta ƙi tashi."

"Ni ma haka nake. Wa ya tambaye ka dabara?"

Masu gwaza sun taru a ƙofa suna jira. Kowa ya san bakin 'yar'uwar uba ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wata ta ce, "Yi masa baki, Inna, kowa ya huta!" Fuatino ta ja numfashi, ta dube shi. Kunnuwan marigayi ƙanenta ne sak, faka-faka. Bakin ya ƙi fita.

"Ku shaida," ta ce. "Ranar da na mutu, in mai shela ya kira gidanmu, wannan ɗan zai miƙe gaban dangin duka ya ɗaga kwamfutar nan sama. Ya faɗa musu tsohuwa ce."

Ba wanda ya yi dariya. Ta naɗe kayanta ta koma tasha.

Da ta isa gida ta buɗe akwati. Har yanzu yana ƙamshin ganyen saƙa. Ta so ta kwantar da kwamfutar a gurbin tabarmar, sai ta tuna gobe Lahadi, Mareta za ta kira. Ta mayar da ita kan tebur ta kunna. Rubutun nan ya sake fitowa, ta zauna tana kallonsa.