Gefen Titi a Duwala

A Duwala, in ruwan sama ya rufe titi, ko ɗan yaye ya san tsakiya ake bi. Gara mota ta fesa maka taɓo, gara ɗan acaɓa ya zage ka tas, da ka matsa gefe inda kwata take hangame a ƙarƙashin ruwa. Mu ba ma gaya wa baƙo wannan. Ba mugunta ba ce, ba ya faɗo mana a rai ne cewa akwai mai furfurar da bai sani ba.

Tasere Ilbudo bai sani ba. Malamin gona ne daga Wahiguya, can arewacin Burkina Faso, inda in hadari ya haɗo mutane kan fito waje suna murna. Taron masana noman albasa ne ya kawo shi, shi da Lamusa Darabo. Shekara ashirin suna ofis ɗaya, amma ba a taɓa jin sun yi wa juna maganar arziki ba, don Tasere Bamoshe ne, Darabo kuwa mutumin Samo, abokan wasa tun kaka da kakanni. Ko a hanyar zuwa sai da Darabo ya ɓoye masa fasfo a filin jirgi, ya bar shi yana zufa yana zazzage jaka.

Ranar ƙarshe aka tashi taro da azahar, suka ce ba za su koma gida ba su ga gari ba. Suka je gadar kogin Wuri suka sha kallon jiragen ruwa, suka sauko wata unguwa suka ci gasasshen kifi da ƙullin rogo. Suna wanke hannu ruwa ya tsuge.

A garinsu ruwa kan zuba awa ɗaya ya ɗauke, saboda haka suka raɓe a bakin wani kanti suna jira. Awa ta wuce. Ruwan ko alamar gajiya bai yi ba, sai ma titin da ya koma kogi, ja wur kamar kunun kanwa. Tasi uku suka tsayar, kowanne ya ji sunan otal ɗinsu sai ya girgiza kai ya wuce. Da ruwa ya fara shiga takalmansu, suka sayi lema ɗaya, suka bi sahun mutanen da suke tafe a jere a tsakiyar titi.

"Kai bawa, riƙe lemar nan da kyau," in ji Tasere. "Kana jiƙa ubangidanka."

"Ubangidan wa? Kai da kakanka ya yi wa kakana kiwon jakai? Ai gode wa Allah za ka yi, yau Bamoshe ya samu wanka."

"To matsa gefe. Tun yaushe bawa yake jerawa da sarki?"

Ya ture shi da kafaɗa, turi na wasa irin wanda suka saba. Darabo ya ja da baya taki uku yana dariya, ya rusuna da lemar. Daidai nan wata bas ta wuce ta watso ruwa, Tasere ya kawar da fuska. Da ya juyo, lemar kaɗai ya gani a kife tana juyi a kan ruwa.

Dariya ya yi. Wannan ita ce dariyar da har yau ba ya son tunawa.

"Fito, ɗan banza, na gan ka!" Ya leƙa bayan wata rumfa, ya leƙa bayan motar da aka ajiye. "Darabo, wallahi ka bari in kama ka..."

"Ya faɗa! Jama'a, mutum ya faɗa kwata!"

Mami Endale ce, mai kifin da suka ci a wurinta, ta taho a guje tana nuna inda lemar take. Tasere ya ruga wurin. Ya zube a gwiwa yana lalube, hannunsa ya wuce gefen kwalta ya faɗa rami marar ƙasa, ruwa ya fizge shi har kafaɗa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, bakinsa ya bushe a tsakiyar wannan ruwan.

Matar ta cakumo wuyan rigarsa. "Papa, me kake lalube a nan? Ruwan jiranka zai yi? Kwalbati! Ekwala, ku yi wajen kwalbati!"

'Yan acaɓan da suke fake a rumfa tuni sun yar da hulunansu sun yi gangare da gudu. Tasere ya bi su, yana faɗuwa yana tashi. Mami Endale tana haki a gefensa tana gaya masa cewa akwai ragar ƙarfe a bakin kwalbatin, amma rabinta ya karye. In ragar ta tare shi, to. In ya wuce, ya shige ƙarƙashin titi, sai dai a neme shi a kogi jibi.

A bakin kwalbatin ruwa yana ruri yana murɗawa, shara ta taru tana hawa tana sauka. Babu kai, babu hannu. Mazan suka kama tsintsiyar hannun juna, na ƙarshe ya rungume turken wuta. Ekwala, wani ɗan acaɓa gajere mai faɗin ƙirji, ya dubi Tasere sama da ƙasa.

"Dogo, kai ne a gaba. Hannunka ya fi namu tsawo."

"Ban iya ruwa ba."

"Wa ya ce ka yi iyo? Mu riƙe ka, kai ka riƙo shi. Shiga, Papa, ɗan'uwanka ba kifi ba ne!"

Tun da aka haifi Tasere ruwa bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Ya hango kansa a ƙofar gidan Darabo, matar tana tambayarsa yadda aka yi, alhali a wurinsu ko ƙwarzane ba a yi wa abokin wasa. Me zai ce? Wasa ne? Ya rufe ido ya zura ƙafa.

Ruwan ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji, sanyi ƙarara, yana kwashe masa ƙafafu. Ekwala ya damƙe hannunsa na hagu har ƙashi yana ƙara. Da na dama yake lalube. Leda. Robar ruwa. Kututturen ayaba. Wani abu mai laushi, ya ja, mushen kaza.

"Ƙasa! Nutsa ƙasa!" in ji Mami Endale daga sama. "Can ƙasa ruwan yake danne mutum!"

Ya ja numfashi ya nutsa. Duhu, ga ƙara a kunne, ruwa mai warin kwata ya shige masa hanci. Ya tabbata mutuwa zai yi, kuma bai taɓa sanin yana tsoronta haka ba. Yatsunsa suka bi ƙarfen ragar ɗaya bayan ɗaya, har suka zo inda ta karye. A nan ya taɓa ƙyalle mai kauri, saƙin garinsu, da wuya mai ɗumi a ciki. Ya damƙe.

Bai san yadda aka yi ba, ya dai ji ana ihu ana ja, bayansa yana gurzar siminti. Suka zube a kan kwalta su biyu. Fuskar Darabo ta yi toka-toka, goshinsa a tsage, ido a rufe. Ekwala ya haye shi yana danna ƙirji yana ƙirgawa.

"Tashi mana, Papa! Kada ka yi mana haka, mun jiƙe saboda kai!"

Babu motsi. Mami Endale ta ɗora hannu a ka. Can Darabo ya yi wata irin shaƙuwa, ya karkace, baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta baki da hanci. Titin gaba ɗaya ya ɗauki sowa.

Wani ya tare mota a tsakiyar hanya. Aka zo ɗaukar Darabo, sai aka ga hannun Tasere har yanzu yana wuyan rigar.

"Sake shi, Papa, ai ya fito," in ji Mami Endale.

Ya dubi hannun. Ya ce masa buɗe, bai buɗe ba. Ta kama yatsun tana ɓamɓarewa, in ta ɗaga ɗaya ta koma kan na biyu sai na farkon ya sake maƙalewa. Ta yi tsaki, hawaye a idonta.

"Ku cusa su tare."

A kujerar baya kan Darabo yana kan cinyar Tasere. Motar tana tafe a hankali, ruwa yana dukan rufinta. Tasere ya sunkuya daidai kunnen Darabo.

"Ni na ture ka. Ni na ce ka matsa gefe."

Darabo ya buɗe ido da kyar. Babu alamar wasa a cikinsu, tsoro ne zalla. Ya lalubo hannun da yake wuyansa, ya ɗora nasa a kai.

"Tasere," ya ce, muryarsa a dushe, "kada ka sake ni."

"Ban sake ba."