Layin Ƙarami

Mai haɗa intanet yana kan tsani, ƙusa a bakinsa, yana magana ta gefen leɓe.

"Kamfanin da maƙwabtanku suka sa, kunkuru ne. Namu ko hadari ya haɗo bai san ana yi ba."

Babba ya riƙe masa tsanin. Shi ya dage a jawo intanet gidan. Ya gaji da tsayuwa bakin taga yana ɗaga waya sama. Umma ta ce ita ba ta ga abin da suka rasa ba. Ya ce za ta gani.

Mutumin ya sauko, ya kafa ƙaramin akwati fari a bangon falo, fitilunsa suka kama kore. Ya karɓi wayar Babba ya haɗa. Ya karɓi ta Umma ya haɗa. Ya ce ƙa'idar aikinsu ke nan, ba ya barin gida sai duk abin da ke da fuska ya hau layi, don kada gobe a kira ofis a ce bai gama aiki ba. Sannan ya roƙi ruwan sha.

Da Babba ya dawo da kofi, ya tarar da shi a tsugune gaban talabijin, hannun sarrafa na'urar gem, ta wasan talabijin, a hannunsa.

"Wannan ma na haɗa muku ita," ya ce yana murmushi. "Kai, ta daɗe ba ta sha iska ba! Dubi yadda take zuƙar sabuwar manhaja."

Wani siririn layi yana cika a fuskar talabijin. Babba ya tsaya da kofin.

Na'urar ta Ƙarami ce, ƙaninsa. Mota ta buge shi a kan babur damina waccan, yana dawowa daga wurin aiki. Kayansa an rabar, takalma da riguna har da katifa. Na'urar kaɗai Umma ta hana a taɓa, saboda abin da ke ciki. A cikin wasan ƙwallo, Ƙarami ya ƙera ɗan wasa da fuskarsa, har tabon da ke girarsa. Ya cika ƙungiyar da mutanen gida. Babba mai tsaron baya ne, ba gudu. Mai tsaron raga kuwa ya sa mata suna Umma, ya ce ai ba abin da ke wuce ta. Tun bayan rasuwar, kullum in an yi la'asar Babba yakan kunna, ya bar na'urar ta buga da kanta. Umma ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Ba ta san dokar ƙwallo ba. Yaronta kawai take bi da ido yana gudu a kan ciyawa, in ya faɗi ta ce "sannu", in ya ci ta ce "ɗan banza" tana dariya.

Layin ya cika. Na'urar ta mutu, ta tashi. Filin wasa bai fito ba. Sai wani farin akwati da rubutun Turanci: don tsaro, an aika lambobi zuwa wayar mai asusun, a shigar da su. A ƙasa ga wutsiyar lambar waya. Babba ya gane ta.

"Ƙaramin abu ne," in ji mai haɗa intanet. "Mai ita ya duba wayarsa."

Umma tana bakin ƙofar kicin, tana goge hannu da zane.

"Mai ita ba ya nan," ta ce.

"To in ya dawo, Hajiya."

"Ya rasu," in ji Babba.

Mutumin ya ajiye hannun gem a hankali, kamar zai fashe. Ya ce Allah ya jiƙansa. Ya sake cewa Allah ya jiƙansa. Sannan ya ce gaskiya wannan ba ɓangarensu ba ne, su nasu intanet ne, ga shi kuma yana aiki. Ya naɗe wayoyinsa ya saɓi tsani. Ruwan ma bai sha ba.

Babba ya zare akwatin intanet daga wuta, ya kashe na'urar ya kunna. Farin akwatin yana nan. Ya ɗauko wayar Ƙarami daga durowar Umma, gilashinta a tsage tun ranar hatsarin, ya sa caji. Ta kawo. Ba sabis ko ɗigo. Layin ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya tuna ya riƙa amfani da shi.

Ya naɗe na'urar a tawul.

"Kafin la'asar zan dawo," ya ce.

Umma ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ma ta faɗa, da ya fi masa sauƙi.

A bas ya rungume ta a ƙirji. Wata tsohuwa ta matsa masa wuri, ta ɗauka jariri ne.

Shagon Injiniya yana can ƙuryar layin masu gyaran waya, ƙanƙani, yana warin dalma. Kan benci akwai mutum biyu da ba sa rabuwa da wurin, Dogo da Tabarau. Babba ya tarar suna musu, da alama tun safe suke yi.

"Kai dai ba ka san gem ba," Dogo ke cewa. "Kwamfuta ta ofis ce. Mutum ya zauna yana latsa haruffa kamar akawu, wai yana wasa."

"Jahilci ciwo," in ji Tabarau. "Kwamfuta taka ce, ka buɗe cikinta ka sauya abin da ka ga dama. Wannan akwatin naku haya kuke yi ba ku sani ba."

"Hayar uwar wa? Na saya fa!"

"Ka sayi robar. Abin da ke ciki na kamfani ne."

Injiniya bai ɗago ba sai da Babba ya warware tawul. Ya jona, ya karanta farin akwatin, ya tsotsi haƙori.

"Wa ya hau da ita layi?"

Babba ya faɗa masa. Duka ya faɗa, har tabarmar Umma. 

"Da an bar ta yadda take, sai ta shekara goma tana yi," in ji Injiniya. "Ita ba ta san an mutu ba. Tana hawa layi kamfani ya ce wane ne nan, a nuna shaida."

"Ba za ka iya buɗe ta ta baya ba?"

"Zan iya wanke ta tas, ta dawo sabuwa. Amma abin da ya ajiye a ɗaure yake da sunansa. In na wanke, har shi."

"Kun ji ko?" Tabarau ya ce a hankali. "Haya."

"Rufe mana baki, malam," in ji Dogo. Ya juyo. "Gem ɗin zamanin da ita ce gem, wallahi. Ka hure kaset ka zura. Ba ruwanta da lambar kowa."

Injiniya ya buɗe shafin kamfanin a kwamfutarsa, ya rubuta musu bayani. Amsa ta zo nan take, cikin ladabi: mai asusun ne kaɗai zai iya neman taimako, da fatan ya tuntuɓe su da kansa. Injiniya ya rubuta cewa mai asusun ya mutu. Amsar ta sake zuwa, ita ce dai, ba a sauya ko harafi ba, har da fatan alheri a ƙarshe.

"Ba mutum ba ne," ya ce. "Inji ne ke amsawa." Ya sosa gemu. "Ka gwada kiran layin wayarsa? In layi ya daɗe a kwance, sayar wa wani suke yi."

Babba bai taɓa kiran lambar ba tun ranar. Tana nan a wayarsa, da hoton Ƙarami yana gwalo. Ya danna. Ya zaci zai ji muryar nan mai cewa a kashe take. Sai ya ji tana ringin. 

"Alo?" Mace ce. A bayanta ana jin keken ɗinki da kukan yaro.

"Salamu alaikum. Baiwar Allah, don Allah wani saƙo ya shigo wayarki ɗazu, mai lambobi..."

"Ya shigo. Sai aka yi yaya?"

"Nawa ne. Wato na ƙanina ne. Layin nan nasa ne a da. In za ki taimaka ki karanto min..."

Ta yi dariya, gajeriya.

"Yau kuma da wannan kuka zo?"

"Wallahi ba abin da kike zato ba ne. Ya rasu. Gem ɗinsa ce ta kulle, mahaifiyarmu kuma..."

"Na wancan watan cewa ya yi uwarsa na asibiti. Kai naka har ya mutu. Ba ku tsoron Allah? A jikin saƙon ma an rubuta kar a ba kowa."

"Ba na banki ba ne, Hajiya. Na wasa ne. Wasan ƙwallo."

"To je ka yi wasan da wata. Ni da gumina nake ci."

Ta kashe. Ya sake kira, ba ta shiga. Ta toshe shi.

"Kai ma ka cika gaskiya," in ji Dogo. "Da ka ce daga kamfanin layi kake, za a rufe mata in ba ta bayar ba. Yanzu za ta karanto."

"Wato ya zama ɓarawon gaske don ta yarda ba ɓarawo ba ne," in ji Tabarau.

Dogo ya karɓi lambar ya kira da tasa wayar. Ya gyara murya, ya soma da "Barka da rana, daga ofishin..." Bai kai ƙarshe ba. Duk shagon ya ji abin da ta ce game da shi da zuriyarsa. Ya sauke wayar yana duban ta.

"Wannan mata ta sha wuya a hannun mutane," ya ce.

Ba wanda ya yi dariya sosai.

Injiniya ya cire wayoyin, ya naɗe tawul ɗin da kansa. Ya ce akwai wata hanya. A wanke ta, Babba ya kawo hoton marigayin, shi zai zauna ya ƙera ɗan wasan daga farko, har tabon. Tsohuwa ba za ta gane ba.

Babba ya tuno ɗan wasan. Ƙarami ya ƙara wa kansa tsawo a wasan. Ya rage kunnuwansa, waɗanda aka yi ta tsokanarsa da su tun suna yara. Ya ba kansa wani salon murna in ya ci, yana rufe ido ɗaya, wanda ba wanda ya san inda ya samo shi. Hoto ba zai nuna wannan ba.

"Shi ya yi kansa," ya ce. "Bar ta."

La'asar ta wuce kafin ya isa gida. Umma ta riga ta shimfiɗa tabarmar. Ta mayar da akwatin intanet wuta, wai ta ga kamar ba kyau a bar shi a mace, fitilunsa duk kore. Babba ya jona na'urar don bai san abin da zai yi da hannunsa ba. Farin akwatin ya fito.

Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata. Layin Ƙarami yanzu na wata tela ce. Lambobin suna wayarta. Ta ƙi bayarwa, ta ɗauka ɗan damfara ne.

"Umma, ke ba ta toshe ki ba. Ki kira ta. In ta ji muryar uwa, wataƙila..."

Umma ta ɗauki wayarta daga kan tabarma. Ta daɗe tana duban ta. Sunan yana nan a sama, inda Ƙarami ya sa mata shi da kansa don kada ta sha wahalar nema. Yatsanta ya je kusa, ya tsaya.

"In danna sunan ɗana wata ta ce alo?"



Ta kife wayar.

"Ta ce ba za ta bayar ba?"

"Ta ce ko kusa."

"Ka gaya mata ya rasu?"

"Na gaya mata."

Umma ta gyaɗa kai a hankali.

"Haka ƙaninka ya ce min. Ya ce Umma, ko ni na kira ki ina kuka, kar ki karanta wa kowa lamba." Ta ja numfashi. "Da yana nan, da ya cire ni ya sa ta a raga."

Babba ya miƙa hannu zai kashe.

"Bari," ta ce.

A kusurwar farin akwatin, can sama, akwai ɗan hoton mai asusun, bai fi maɓallin riga ba. Fuskar da ya ƙera ce, ƙananan kunnuwa, ido ɗaya a rufe. Ba ta motsi.

Umma ta tashi, ta jawo tabarmar kusa da talabijin, ta sake zama.