Zaren da Zayyanu Ya Kaɗa

Da aka tashi zaman makoki, Malam Lauwali ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaurensa na Illo, aka zube kayan ɗansa Zayyanu a gaban dangi. Tun ranar da mota ta kife da yaron a hanyar Bagudo, tsohon bai zub da hawaye ba. Yana cin tuwo, yana salla, yana amsa gaisuwa, kamar wani ne ke yi a madadinsa.

Riguna, takalma, agogo. Sai wata 'yar kwalba a toshe gam, cikinta wani baƙin abu kamar yanar gizo da ta sha hayaƙi.

Maliki, abokin karatun Zayyanu a jami'a, shi ya kawo kayan. Ya matso ya durƙusa.

"Baba, don Allah wannan kada a buɗe."

"Mene ne ciki?"

"Zare ne na ƙarfen nikel. Ruwan sinadarinsa ake ɗurawa a sirinji, wutar lantarki ta ja shi ya zama zare, gashin kai ma ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Sannan a gasa. Da shi ake son fitar da gas ɗin girki daga ruwa, ba hayaƙi. Duk abin da Zayyanu ya kaɗa, wannan kaɗai ya yi kyau. Za a gwada shi a sa sunansa. Amma in iska ta taɓa shi, ya tashi aiki."

"Ba a raba kayan mamaci a rufe," in ji Lauwali. "Ubana bai yi ba."

"Baba, a bar min ita aro."

"Yaro, ɗanka ne ko ɗana?"

Ya sa ƙarfi ya murɗe murfin, ya karkata kwalbar don kowa ya leƙa. Baƙin abin ya yi ja kamar garwashi, ɗan siririn hayaƙi ya tashi, sai ya kwanta ya zama toka.

Maliki ya dafe kai yana salati.

Lauwali ya tsaya yana jiran ya ji wani abu a ƙirjinsa. Shiru.

"Kowa ya gani?"

"Mun gani, Malam."

Ya mai da murfin, ya jefa kwalbar a aljihu.

"Wannan nawa ne. Ku raba sauran."

Ya fita ya ba shanu dusa, don lokacinsu ya yi.