Fuloti Na Goma Sha Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Siebren yana sakataren ƙungiyar masu lambu ta bayan layin dogo a garin Leeuwarden, da katunansa na rajistar fulotin kowa cikin kwalin takalmi. Da ya rasu a watan Afrilu, kwalin ya faɗo kan matarsa Tjitske, don da aka nemi mai karɓa a wurin taro kowa ya sunkuyar da kai. Shugaba kuma ya ce a mayar da komai cikin kwamfuta. Shi ya sa duk Asabar da safe take hawa kekenta zuwa laburare koyon tsara rumbun bayanai, da shekarunta sittin da takwas.

Kanta na ja, ba laifi. Cikin mako uku ta gina jadawalinta: kowane fuloti layi ɗaya, kowane layi gurbi ɗaya na sunan mai shi. Ta shigar da saba'in da tara, amma a na goma sha huɗu, wato nasu, ta cije. In ta rubuta sunanta, na Siebren zai goge. Sau ɗaya ta gwada, ta ga ya ɓace, ta yi maza ta maido shi. Kewarsa na cin ta ba kaɗan ba. Banki sun cire sunan, likita ya cire, har na jikin ƙofa ɗansu ya sauya; nan kaɗai ya rage.

Malamarsu Marrit ba ta san kwana-kwana ba. Ta leƙo ta bayanta.

"Mama, wa ke da sha huɗu?"

"Maigidana."

"Ba kin ce ya rasu ba?"

"To sai me? Bishiyar tuffarsa na can tana 'ya'ya, ba wanda ya gaya mata."

"Rumbun da ke ƙarya ai ba shi da amfani," in ji Marrit, ta jawo kujera. "Amma laifin na ginin jadawalin ne. Kin yi shi mai mantuwa, sabo ya shigo, tsoho ya fice."

Ta sa ta raba jadawalin uku: na mutane, na fuloti, sai na ukun da ke haɗa su, wane ya riƙe wanne, daga yaushe zuwa yaushe.

"Mu ba ma goge mutum. Ranar ƙarshe kawai muke sa masa."

Tjitske ta buga sunansa da ranar da ya karɓi fulotin a 1993. A gurbin ƙarshe yatsunta suka ƙi. Can dai ta buga tara ga Afrilu.

"Saura layinki," in ji Marrit. "Ki fara daga washegari, goma ga wata."

"Washegari? Ke yarinya, wa kike zaton ya yi ta cire ciyawa tun casa'in da uku? Shi ai surutu ne aikinsa a bakin shinge."

"A katin sunansa kaɗai na gani."

"Lokacin na miji ake sawa. Kuma shi ya rubuta katin, me kike jira?"

Marrit ta yi dariya. "To sa rana ɗaya da shi. Yanzu ginin zai ɗauke ku biyu."

Sauran ɗalibai suka fita shan kofi, Tjitske ta zauna. Ga layi biyu, nasa a sama, nata a ƙasa, ranar farawa ɗaya. Nasa a rufe, nata gurbin ƙarshe babu komai. Ta daɗe tana kallo, ta goge ido da bakin hannun riga.

"Ga ka nan, malalacin banza," ta ce a hankali. "Yanzu ba mai cire ka."