Tsohon Direba da Jakar Goyo

Tun da Baba ya ajiye tuƙin tirela gidan ya yi masa kaɗan. Ya kwance fankar falo ya ɗaura, ya kwance keken ɗinkin Mama ya ɗaura har kusoshi suka yi saura. Don haka ranar da Auta, 'yarsu malamar firamare, ta zo sallama za ta tafi yawon ganin ƙasashe kamar yadda ta saba duk dogon hutu, sai Mama ta ja ta kicin.

"Don girman Allah ki tafi da mahaifinki, kafin ya kai hannu kan firjina."

"Mama, tafiyata ba ta manya ba ce. Motar haya ce, da zaman tasha, da jaka a baya."

"Shi da ya tsufa a kan titi? Ki dai tafi da shi."

Baba ya jawo tsohon akwatinsa na ƙarfe yana kaɗe masa ƙura, Auta ta ce sam. Ta saya masa jakar goyo a gwanjo, ta daidaita masa igiyoyin a kafaɗa. Ya zagaya tsakar gida da ita, ya ce, "Ikon Allah. Da ni ke jan tirela, yau ni ne tirelar." Da ta juya baya ya cusa sifanoninsa a ƙarƙashin riguna.

A motar farko ya zauna daidai bayan direba. Duk kwanar da aka sha sai ƙafarsa ta danna birkin da babu shi, har takalminsa ya riƙa ƙara. Auta ta ce, "Baba, ka bar wa mai motar motarsa mana."

"Na bar masa. Ƙafar ce ba ta bari ba."

A kan iyaka suka sauka suka bi layi. Baba ya sha kawo kaya nan a zamaninsa, ya sauke ya juya, bai taɓa tsallaka gadar da ta raba ƙasashen biyu ba. Da jami'in shige da fice ya buga masa hatimi a fasfo, sai ya koma gefe yana hura wa fasfon iska don kada tawadar ta goge. Suka taka gadar da ƙafa, yana tafe a hankali kamar mai shiga gidan surukai.

Masaukin da suka samu mai araha ne, gadaje hawa biyu, kicin na kowa da kowa. Auta ta zaci zai takura. Ina! Kafin ta gama shanya wankinta ya dafa shayi a babbar tukunya ya tara matasan matafiya, babu mai jin yaren wani. Da hannu da baki yake kwatanta musu yadda saniya ta taɓa tare masa hanya a gangara, suna ta dariya. Washegari kowa a gidan Baba yake kiransa.

Haka suka yi ta gaba, yau bas, gobe jirgin ƙasa mai tsayawa a kowane ƙauye. A ƙasa ta uku bas ɗinsu ta mutu a dokar daji da tsakar rana. Fuskar Baba ta washe. Ya zazzage jakarsa ya fito da sifanonin, ya naɗe hannun riga, ya yi wa direban alama ya buɗe injin. Da aka buɗe sai ya yi tsaye. Robobi ne da wayoyi birjik, babu abin da ya gane ko ɗaya. Can wani makaniki ya iso a babur, ya jona wata 'yar na'ura, ya latsa nan ya latsa can. Baba ya karɓi lemar wata fasinja ya riƙe wa makanikin har motar ta tashi. Sannan ya naɗe sifanonin a tsumma ya miƙa masa.

Da suka koma kujera ya daɗe yana kallon taga. Auta ta ɓare lemo ta ba shi rabi.

"Zamani ya wuce ni, Auta."

"Ya wuce ka a mota, Baba. A shayi har yanzu kai ne gaba."

Ya harare ta, ya cinye lemon.

Ƙasa ta gaba teku ne tsakani, dole sai jirgin sama. Auta ta samo musu tikiti mafi araha, irin wanda ba a yarda da kaya mai nauyi. A filin jirgi matar da ke auna kaya a sikeli ta girgiza kai ga jakar Baba, domin ya cika ta da tsarabar Mama: mayafi, da takalma, har da tukunya mai murfin gilashi. Ta ce ko a rage ko a biya. Baba ya tambaya ko ana auna mutum, aka ce a'a. Nan take ya sa riga kan riga, ya ɗora suwaita, ya ɗora jaket, ya yafa mayafin Mama a wuya. Matar ta kau da kai tana danne dariya, ta ce su wuce.

Bai taɓa hawa jirgi ba, shi ya sa Auta ta ba shi taga. Jirgin na ɗagawa ya manna goshi a gilashi kamar yaro. Da suka shiga gajimare aka fara jijjiga, ya waiwayo zai yi magana, sai ya ga Auta ta runtse ido, ta damƙe hannun kujera, gumi na bin wuyanta.

"Ke da kika saba?"

"Ba na sabawa, Baba. Kowane hawa haka nake yi."

Ya kama hannunta ya sa cikin nasa mai kanta. "Gargada ce kawai, hanyar ce ba su gyara ba. Saurari injin. Kin ji muryarsa ta canza?"

"A'a."

"To lafiya lau yake. Direban nan ya san hannunsa."

Ya yi ta ba ta labarin ramukan da ya faɗa da tayoyin da suka fashe masa, wasu ma ƙari yake yi, har ta buɗe ido ta ce wannan kam bai faru ba. Suna cikin musu tayoyi suka taɓa ƙasa.

A waje zafi ya tare su. Baba ya tsaya gindin wata bishiya yana tuɓe rigunan ɗaya bayan ɗaya, Auta na ninkewa. Ya tambayi inda tashar bas take, ta ce da ɗan nisa. Sai ya goya jakarsa, ya rataya tata a ƙirji, ya ce ta riƙe masa gefen riga kada ya ɓata a garin mutane. Ta riƙe, suka kama hanya.